Ranar Da Dare Da Yini Ke Yin Kunnen Doki

Duk shekara, da zarar watan Maris ya raba tsakiya, sai wani saƙo ya fara yawo a WhatsApp. Wai nan da 'yan kwanaki rana za ta sauko kusa da duniya, zafi zai kai inda bai taɓa kaiwa ba, kada kowa ya fita daga sha biyu zuwa ƙarfe uku, saboda wani abu da ake kira ikwinoks. Shawarar a yawaita shan ruwa, a kuma guji tsakar rana, ba ni da ja a kanta. Abin da ke damuna shi ne dalilin da aka jingina ta da shi. Ba gaskiya ba ne, kuma ya sa mutane suna fargabar al'amarin da ya kamata a ce sha'awa yake ba su.

Kalmar ta samo asali ne daga harshen Latin, ma'anarta dare ya daidaita. Larabawa suna cewa i'itidali. Mu sai mu ce daidaiton dare da yini. Da gangan na ce yini, domin a Hausa kalmar rana tana ɗauke da kaya biyu, ita ce wadda ke fitowa daga gabas, ita ce kuma kishiyar dare, kuma a nan sai mun raba su za mu fahimci juna.

Duk wanda ya taɓa murza katantanwa yana yaro ya riga ya san rabin bayanin. Duniya tana juyawa a kan kanta sau ɗaya a kwana, tana kuma zagaya rana sau ɗaya a shekara. Sai dai ba a miƙe take juyawar ba, a karkace take da kimanin digiri 23 da rabi, kuma karkatar tana fuskantar ɓangare ɗaya na sama duk tsawon shekara. Saboda haka a watan Yuni rabin duniya na arewa ne ke jingine wajen rana, a Disamba kuwa na kudu. Tsakanin waɗannan biyu dole a samu lokacin da babu wanda ya fi wani samun rana. Wannan yana faruwa sau biyu, a Maris da Satumba. A lokacin rana tana tsaye cak a saman layin ikwaita, layin nan da ya ratsa Gabon da Kongo da Yuganda da Kenya da Somaliya. A Maris tana ƙetare shi ne zuwa arewa, wato zuwa wajenmu. A Satumba tana komawa kudu.

Abin lura a nan shi ne, ba yini guda ba ne, daƙiƙa guda ce, kuma ta duniya duka. A 2025 ta faɗo ranar 20 ga Maris da ƙarfe 10:01 na safe agogon Najeriya da Nijar. A 2026 ranar 20 ga Maris ɗin dai, da ƙarfe 3:46 na yamma. Kowace shekara tana matsawa gaba da kusan awa shida, sai shekarar da Fabrairu ke yin kwana 29 ta jawo ta baya. Wannan 'yar awa shida, kamar yadda za mu gani, ita ce ta hana masu lissafin kalanda barci shekaru aru-aru.

To ina maganar rana ta matso kusa? Duniya ta fi kusa da rana ne a farkon Janairu, tazarar kilomita miliyan 147, lokacin da muke rawar ɗari muna jin wuta da asuba. Ta fi nisa da ita a farkon Yuli, wajen kilomita miliyan 152. Da a ce kusanci ne ke kawo zafi, da hunturu ne zai fi kowane lokaci ƙuna. Karkatar nan ce ke juya yanayi.

Akwai kuma wani ɗan gyara da ya kamata a yi wa sunan kansa. Idan ka duba jadawalin fitowar rana da faɗuwarta a wannan ranar, za ka ga yini ya ɗara dare da 'yan mintuna, a wajenmu kimanin minti bakwai a kan awa goma sha biyu. Dalili biyu ne. Na farko, muna ƙirga fitowar rana daga lokacin da gefenta na sama ya leƙo, faɗuwarta kuma sai gefen ƙarshe ya ɓace, ba tsakiyarta muke bi ba. Na biyu, iskar da ta lulluɓe duniya tana lanƙwasa haske, kamar yadda cokali ke bayyana a karye a cikin kofin ruwa. Lokacin da ka ga rana ta zauna a kan doron ƙasa da magariba, a haƙiƙa ta riga ta nutse, haskenta ne aka lanƙwaso maka. Kunnen doki na sosai yakan riga ranar daidaiton Maris da wasu kwanaki.

Me ya sa wasu al'ummai suka mai da wannan rana biki, mu kuwa take wucewa ba mu ma sani ba? Amsar tana cikin inda Allah ya ajiye kowa. Kano tana digiri 12 ne arewa da ikwaita. Yininta mafi tsawo, a Yuni, awa 12 ne da minti 50. Mafi gajarta, a Disamba, awa 11 da minti 25. Bambancin bai kai awa ɗaya da rabi ba. Mutumin Landan kuwa yana samun yinin da ya haura awa 16 da rabi a Yuni, a Disamba kuma bai cika awa takwas ba. Wanda ya yi wata uku yana fita aiki cikin duhu yana dawowa cikin duhu, ga ƙanƙara, ga bishiyoyi tsirara, ranar da haske ya fara rinjayar duhu ba ƙaramar rana ba ce a wurinsa. A can ƙuryar arewacin duniya ma, a wannan lokacin ne rana ke fitowa bayan wata shida ba a gan ta ba.

Musulmin da ke zaune a Turai sun ɗanɗana wannan a jikinsu. A 2015 da 2016, da azumi ya faɗo a Yuni, 'yan'uwanmu na Ingila sun riƙa kai fiye da awa 18 ba su sha ruwa ba. A 2024 da 2025 kuwa Ramadan ya ratsa ta kan daidaiton Maris, sai ya zama mai azumi a Landan da na Kano da na Johannesburg kusan tsawon yini ɗaya suka yi. Shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka azumi ke zagaya yanayi duka a cikin shekara 33 ko kusa da haka.

Yanzu ga inda fassara ke yi mana illa. Turawa suna kiran wannan daidaito da sunan lokacin da ke biyo bayan sanyinsu, lokacin tohon ganye da furanni, kuma an saba fassara mana sunan da bazara. Amma bazararmu wani abu ne daban. Bazara ita ce lokacin da randa ke ɗumi, ake kwana a tsakar gida, rijiyoyi ke ja da baya, ma'aunin zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai ke haura digiri 40, asibitoci kuma ke shirin sanƙarau. Babu mai ganin wannan ya ce ƙasa ta farfaɗo. Haka nan mutumin Afirka ta Kudu ko Ajantina ko Ostireliya, shi a Maris sanyi yake fuskanta. Shi ya sa masana da dama suka fi son su ce daidaiton Maris kawai, sunan da ya yi wa kowa adalci.

Duk da haka zafinmu yana da dangantaka da wannan tafiya ta rana, sai dai ba irin wadda saƙon ke faɗa ba. Bayan ta ƙetare ikwaita tana ci gaba da hawowa arewa kullum, har ta tsaya daidai saman Kano wajen 21 ga Afrilu. A wannan tsakanin hazon hunturu ya janye, gajimaren damina bai iso ba, ƙasa ta bushe ƙarau babu danshin da zai sha zafin. Hasken yana dukan ƙasa a miƙe, babu abin da ya tare shi. Shi ya sa Afrilu da farkon Mayu suka fi ranar 20 ga Maris zafi nesa ba kusa ba. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce, rana tana sake tsayawa saman Kano wajen 21 ga Agusta a hanyarta ta komawa, amma wa ke kukan zafi a tsakiyar marka? Kuma zafin nan shi ne ke jawo ruwa. Ƙasar da ta gasu tana tura iska sama, iska mai laima daga Tekun Atilantika ta biyo ta cike gurbin, sai ruwa ya fara daga Legas da Fatakwal, ya hau Abuja da Kaduna, ya iso Kano da Katsina da Maraɗi wajen ƙarshen Mayu ko Yuni. Manomin da ke sharar gona yana kai taki cikin wannan ƙuna ya san abin da yake jira.

Idan ana neman inda aka ɗauki wannan daƙiƙa da muhimmanci fiye da ko'ina, sai a tafi Iran. A can ita ce farkon shekara, bikin Nauruz, ma'ana sabuwar rana. Bikin ya girmi zuwan Musulunci ƙasar Farisa da ƙarnoni masu yawa, tushensa yana cikin al'adun mabiya Zaradashta, kuma har yau ana yin sa a Afganistan da Tajikistan da Azarbaijan da Uzbekistan da Kazakistan da kuma tsakanin Kurdawa. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 21 ga Maris a matsayin ranar Nauruz ta duniya. Ba kowa ya yarda da shi ba. Akwai malaman da suke ƙyamar sa saboda asalinsa, kuma a 2022 gwamnatin Taliban ta soke hutunsa a Afganistan.

Makonni kafin ranar ake fara kakkaɓe gida, a wanke darduma, a fitar da tarkace. A daren Laraba ta ƙarshen shekara ana hura wuta a unguwa matasa suna tsallake ta. Sannan a shimfiɗa teburi da abubuwa bakwai waɗanda sunayensu a Farisanci suka fara da harafin sinun, daga ciki akwai tsiron alkama da aka shuka a faranti, da tuffa, da tafarnuwa, da ruwan khal. Iyali su zauna kewaye da shi suna jiran daƙiƙar da shekara za ta juya, ko da kuwa ƙarfe uku na dare ta faɗo. Daga nan sai ziyara, ƙanana su fara zuwa gaishe da manya, manya su ba yara sababbin takardun kuɗi, kamar dai yadda muke ba da goron salla. A rana ta goma sha uku kowa ya fita bayan gari ya yini a can, a jefa tsiron nan cikin ruwa mai gudu.

Abin da ya fi burge ni shi ne kalandarsu. Ba ta dogara da wata ƙa'idar ƙidaya da aka haddace ba, sama take kallo kai tsaye. Idan daƙiƙar daidaito ta faɗo kafin tsakar rana a Tehran, wannan ranar ce ɗaya ga watan farko. Idan ta faɗo bayan tsakar rana, sai gobe. A 2025 ta zo da kimanin sha biyu da rabi agogonsu, don haka shekararsu ta 1404 ta fara ranar 21 ga Maris. Daga Hijira suke ƙirgawa kamar mu, amma da shekarar rana, shi ya sa a lokacin suna 1404 muna 1446. Watanninsu shida na farko kowanne kwana 31 ne, jimla 186, sauran shidan kuma kwana 179 ko 180. Wannan ba son rai ba ne. Hanyar da duniya ke bi ba cikakkiyar da'ira ba ce, tana rage gudu idan ta yi nisa da rana, don haka daga daidaiton Maris zuwa na Satumba kwana 186 ne, dawowar kuma 179. Tushen wannan tsari shi ne gyaran da Sarkin Saljuƙawa Malik Shah ya sa aka yi a 1079, wanda Umar Khayyam yana cikin masanan da suka yi aikin. Kafin su, Al-Battani da ya yi nazarin sama a garin Raƙƙa na Siriya ya auna tsawon shekara ya samu kwana 365 da awa 5 da minti 46 da daƙiƙa 24. Abin da na'urorin yau suka tabbatar shi ne awa 5 da minti 48 da 'yan kai. Kuskuren minti biyu da ɗoriya a cikin shekara guda, babu madubin hangen nesa, babu agogon zamani.

Kalandar da ke rataye a bangon ofisoshinmu ita ma wannan rana ce ta haife ta. Kiristoci suna yin Ista ne a Lahadin farko bayan cikar wata da ta biyo daidaiton Maris. A zamanin babban taron coci na Nikiya a shekarar 325, daidaiton yana faɗowa wajen 21 ga Maris, sai aka ɗaure lissafin a kan wannan kwanan wata. Amma kalandar Yuliyas Kaisar da ake bi ta ɗauki shekara a matsayin kwana 365 da awa shida cif, ta yi ƙarin kimanin minti 11. Ƙaramin abu, amma duk shekara 128 yana tara kwana guda. Kafin ƙarni na 16 daidaiton gaske ya zame zuwa wajen 11 ga Maris. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya ba da umarni a zubar da kwana goma, aka kwanta Alhamis 4 ga Oktoba aka tashi Juma'a 15 ga wata. Ya kuma sa dokar cewa shekarar da ke rufe ƙarni ba za ta samu ƙarin kwana ba sai in 400 ta raba ta, shi ya sa 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba. Ingila ba ta bi ba sai 1752, lokacin kwana 11 ta zubar. Cocin Otodoks da na Kibɗawan Masar da na Habasha har yau da tsohon lissafi suke fitar da Ista, don haka sau da yawa ranarsu ke bambanta.

A Japan ranar hutu ce ta ƙasa, iyalai kan ziyarci kaburburan iyaye su share su. A Chichen Itza ta ƙasar Meziko dubban mutane ke taruwa su ga yadda inuwa ke sauka a gefen matakalar dalar Mayawa kamar maciji, ko da yake ana ganin hakan na tsawon makonni, kuma masana ba su haɗu a kan cewa da niyya aka gina ta haka ba. A Angkor Wat ta Kambodiya rana kan fito daidai kan hasumiyar tsakiya.

Wani abu kuma da ya shafi masu lissafin buruji. Tun dā ake cewa a wannan rana ce rana ke shiga burujin Hamalu, wato Rago, har ma watan farko na kalandar rana ta Afganistan sunansa Hamal. Haka abin yake shekaru dubu biyu da suka wuce. Amma katantanwa idan tana juyawa kanta yakan yi lilo a hankali, duniya ma haka take, lilo ɗaya yana cin kusan shekara 26,000. Hipakus na Girka ya gano wannan tun ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa. Yau idan daidaiton Maris ya zo, taurarin da ke bayan rana na burujin Hutu ne, wato Kifi. Sunan ya tsaya, sama ta matsa.

Mu ba mu gina biki a kan wannan rana ba, kuma ban ga aibu a hakan ba, domin abin da ke raba shekararmu ruwa ne. Amma kada a ɗauka kakanninmu ba sa kallon sama. Malaman hisabi sun gaji lissafin manzilolin taurari 28 daga Larabawa, kowanne kwana 13, ɗaya 14, jimla 365, kuma da shi ake gaya wa manomi inda damina ta kai. Manomin da bai yi karatu ba ma ya san taurarin nan da ake kira kaza da 'ya'yanta. Takaicina shi ne wannan ilimi yana tafiya tare da tsofaffi, yara kuma suna haddace yanayi huɗu na Turai a makaranta ba tare da an nuna musu yadda nasu yake aiki ba.

Ga wani amfani da ya shafe mu kai tsaye. A ranakun daidaito biyu ne kawai rana ke fitowa daga gabas sak ta faɗi yamma sak. Sauran kwanaki mafitarta tana karkata, arewa a Yuni, kudu a Disamba, kuma da haka masu tafsiri da yawa suka bayyana ayar Suratur Rahman da ta ambaci Ubangijin mafita biyu da mafaɗa biyu. Mun saba cewa a fuskanci gabas idan za a yi salla, amma alƙibla daga Kano ta karkata arewa da gabas ɗin gaske da fiye da digiri 20. Wanda ya kafa alƙiblarsa da fitowar rana a Disamba ya kauce ƙwarai. Hanya mafi sauƙi ita ce a jira 27 ko 28 ga Mayu, lokacin da rana a wannan tafiya tata ta arewa ke tsayawa daidai saman Ka'aba, da ƙarfe 10:18 na safe agogonmu. Duk inda ranar take a lokacin, nan ce alƙibla. Tana maimaitawa a 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27.

Masu kallon tashoshin tauraron ɗan'adam ma sukan ga hoto ya ɗauke na 'yan mintuna a kwanakin da ke kusa da daidaito. Taurarin suna jere ne a saman ikwaita, nisan kilomita kusan 36,000, idan rana ta bi ta bayansu sai ƙarfinta ya danne saƙon da faranti ke kamawa. Ba sai an kira mai gyara ba, da kansa yake dawowa.

Wanda ke son ya gani da idonsa, ya sami fili mai laushi ranar 20 ga Maris, ya kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a miƙe. Daga hantsi zuwa la'asar, duk bayan rabin awa ya ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwar. Da yamma zai tarar tsakuwoyin sun jeru a miƙaƙƙen layi daga yamma zuwa gabas, abin da ba ya faruwa sai a ranakun daidaito, a sauran kwanaki layin lanƙwashewa yake yi. Inuwa mafi gajarta, wadda malaman fiƙihu ke kira inuwar zawali, za ta zo wajen sha biyu da rabi tana nuna arewa. A Kano tsawonta zai kai kimanin santimita 21, kuma kusurwar da ta yi da kan sandar digiri 12 ce, daidai nisan garin daga ikwaita. Ya bar sandar a wurin har wata guda, ya dawo da tsakar rana, zai tarar inuwar ta shige ƙarƙashinta.